Ƙofar Roba da Aka Ɗaure da Siminti

Akwai wani maigida a wani gari, mutum mai rufin asiri, mai son a ga gidansa tsaf. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Mahaifiyarsa kuwa ta tsufa a ƙauye, a ɗakin ciyawa, gwiwoyinta suna ciwo, ƙarfinta yana raguwa. Sai ya ce a ransa, "Zan gina mata ɗaki a cikin gidana, in ɗauko ta, ta ƙarasa kwanakinta a inda zan riƙa ganinta safe da yamma." Niyyar nan kyakkyawa ce. Ku riƙe wannan, gama abin da ya biyo baya ba daga ƙiyayya ya fito ba.

Ya gina ɗakin da bulo, ya yi masa rufin kwano da silin. Da aka zo kan ƙofa da tagogi, ya ƙi katako saboda gara, ya ƙi ƙarfe saboda tsatsa. Ya ce sai irin na roba da ake yayi yanzu, masu gilashi, waɗanda in an rufe su ko ƙarar babur ba ta shigowa. Ya zaɓi masu launi mai duhu, mai kama da katakon maɗaci, domin sun fi kyau a ido.

Ya kira wani mai sana'ar sa irin waɗannan ƙofofi, sunansa Malam Habila. Mutum ne marar yawan magana. Yana da tef na awo a aljihu, a jakarsa kuma akwai littafin ƙa'idojin gini na hukumar garin, wanda ya sha hannu har gefensa ya yi baƙi. Ya auna gurbin ƙofar a sama, ya auna a tsakiya, ya auna a ƙasa, ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa, ya rubuta. Bayan mako biyu ya dawo da kaya.

Da ya tsayar da firam ɗin ƙofar a gurbinsa, wato gewayen da ƙyaure yake rufuwa a ciki, sai maigidan ya ga haske yana ratsowa tsakaninsa da bango.

Ya ce, "Malam Habila, ka yi kuskuren awo. Ƙofar ta yi wa gurbinta kaɗan."

Habila ya ce, "Ba kuskure ba ne, Maigida. Da gangan na rage."

"Da gangan? Ka taɓa ganin an yi wa tukunya murfin da yake faɗawa ciki?"

Habila ya ajiye abin da ke hannunsa, ya buɗe littafin, ya ɗora yatsa a kan shafin. Ya ce, "Roba ba katako ba ce, ba ƙarfe ba ce. In rana ta buge ta, kumbura take yi, ta miƙe. In ta huce, ta koma. Mai duhu ta fi fara shan zafi, ga shi kuma ƙofarka yamma take kallo. Ƙa'ida ta ce a bar mata faɗin ƙaramin yatsa a kowane gefe, tsakaninta da bango, a cika wurin da kumfa mai laushi, wadda za ta matsa in an matsa ta. In ba a bar mata inda za ta miƙe ba, ciki za ta lanƙwaso, ta kama ƙyauren, ta riƙe."

"Wa ya rubuta wannan ƙa'idar?"

"Waɗanda suka ga abin da ya faru a inda ba a bi ta ba."

Maigidan ya gyaɗa kai. Habila ya kafa ƙofar da tagogi biyu, ya cika gefunansu da kumfa, ya rufe da siririyar roba don kada a gani. Ya kuma nuna masa wata 'yar tsaga mai raga a saman kowace taga. Ya ce, "Wannan hanyar iska ce. Tagar roba in ta rufu, ko numfashi ba ya wucewa. Shi ya sa doka ta ce a bar ta a buɗe." Maigidan ya sake gyaɗa kai.

Mai duba gini ya zo daga hukuma. Ya danna kumfar da babban yatsa, ya leƙa tsagar iska, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya buga hatimi a takarda. Maigidan ya sa takardar a gilashi, ya rataye a falonsa.

Ana nan, a ƙarshen damina, aka ɗauko tsohuwa daga ƙauye. Dangi da maƙwabta suka zo yi mata barka da zuwa. A cikinsu akwai Zakka, ɗan wan tsohuwar, wato taubashin maigidan, mai kiransa bawansa cikin wasa. Magini ne, shekararsa talatin yana riƙe da cokalin gini, shi ne ma ya ɗora bulon ɗakin. Bakinsa kuwa ba ya hutawa. Ya durƙusa ya gai da gwaggonsa, ya tashi yana zagaya ƙofar yana ƙwanƙwasawa. Sai ya ɓamɓare siririyar robar da farce, ya danna, yatsansa ya nutse.

Ya ɗaga murya ya ce, "Kai! Jama'a, ku zo ku ga abin al'ajabi. Bawana ya ɗaure ƙofa da burodi!"

Mutane suka fashe da dariya.

Maigidan ya ce, "Ba burodi ba ne, kumfa ce. Haka ƙa'ida ta ce."

"Ƙa'idar wa? Gwaggo, ki riƙa ajiye shayi kusa. In yunwa ta tashe ki da safe, sai ki ɗan gutsuri bakin ƙofa."

Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Zakka, gashinka ya yi fari, bakinka yana nan yadda na san shi."

Zakka bai tsaya ba. Ya ce, "Ni dai tun da nake gini ban taɓa barin rami tsakanin ƙofa da bango ba. Ubana bai bari ba. Ƙofa ai ɗaure ta ake yi, ita da bango su zama abu ɗaya. Wannan kuwa, ɓera zai yi kalaci da ita, kyankyaso ya tare a ciki da iyalinsa. An dai ga bawana da sabuwar riga, an yi masa wayo."

Maigidan ya yi dariya tare da masu dariya, amma kunya ta kama shi. Da mutane suka watse, ya ja Zakka gefe.

Ya ce, "Habila ya ce roba tana kumbura."

Zakka ya ce, "Roba ce ko ƙullun ƙosai? Takarda ta fito?"

"Ta fito."

"Da hatimi?"

"Da hatimi."

"Mai duba zai dawo?"

"Ba zai dawo ba."

"To, me kake jira? Sa a kawo yashi."

Kashegari suka ƙwaƙule kumfar kaf da wuƙa. Zakka ya kwaɓa siminti mai ƙarfi, yashi kaɗan, ya cusa shi a gefen ƙofar da cokali, ya danna har ba sauran inda allura za ta shiga. Haka ya yi wa tagogi biyun. Da ya kai kan tsagar iska ya ce, "Wannan kuma ƙofar sauro ce," ya shafe ta ita ma. Ya goge, ya daidaita, aka shafa fenti. Aikin ya yi kyau, ba mai musun wannan. Zakka gwanin cokali ne. Maigidan ya buɗe ƙofar da yatsa ɗaya, ya rufe da yatsa ɗaya, zuciyarsa ta yi sanyi.

Al'adar Habila ce ya koma bayan wata ɗaya ya duba aikin da ya yi. Ya shigo da sallama, ya gai da matar gidan, sunanta Liyatu, ya nufi ɗakin. Bai kai ga taɓa ƙofar ba ya tsaya cik.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Maigidan ya ce, "Ni na sa. An ƙara mata ƙarfi."

"Ƙarfi? Maigida, kun shaƙe ta! Na buɗe maka littafi, na nuna maka shafi, ka gyaɗa kai. Mai duba ya zo, ka tsaya kusa da shi, ka gyaɗa kai. Ashe wuyanka ne kaɗai ya yarda."

"Buɗe ta ka gani. Da yatsa ɗaya take buɗuwa."

"Yanzu sanyi ake yi! Wa yake gwada ƙofar roba da sanyi? Ka jira watan da ƙasa take ƙona tafin ƙafa, sa'an nan ka zo da yatsanka."

"A gidana kake ɗaga mini murya?"

"Ba don kai nake ɗagawa ba, gama ba kai kake zama a ciki ba. Tsohuwa ce. Ka ba ni yini ɗaya tak, in fasa simintin nan, in mayar da kumfa, in buɗe hanyar iska. Yini ɗaya."

"Zakka shekara talatin yana gini."

"Shekara talatin yana kafa katako da ƙarfe. Wannan bai san ta ba, bai kuma tambaya ba. Kai kuwa an gaya maka."

Maigidan ya ce, "Malam Habila, ka gama aikinka. Ga hanya."

Habila ya ɗauki jakarsa. Ya leƙa ɗakin ya ce, "Inna, in zafi ya zo, kada ki rufe ƙofar nan da rana."

Tsohuwa ba ta ji da kyau. Ta yi murmushi ta ce, "To, ɗan nan. Allah ya yi albarka." Ya fita.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo. Tsohuwar kuwa tana da wata al'ada tun tana ƙauye. Kowace rana, in hantsi ya yi sosai, takan hura gawayi a ɗan kasko, ta dafa ganyen magani, ta gasa gwiwoyinta da ƙugunta da tsumma. Da yake sai ta kwance zane take yin haka, takan rufe ƙofa don kunya. A ɗakin ciyawa ta yi wannan shekaru da yawa, ba abin da ya same ta, gama iska tana shiga ta ko'ina, tana fita ta ko'ina. A sabon ɗaki ma ta ci gaba. Sa'ad da take rufewa, rana ba ta juyo yamma ba tukuna, ƙofar kuwa ba ta gardama. Sa'ad da za ta buɗe ne ake fama.

Wata rana ta ce wa ɗanta, "Kai, ƙofar nan tana da fushi da rana. Sai na yi ta ja kafin ta sake ni."

Shi kuwa sassafe yake fita wurin sana'arsa, ba ya dawowa sai rana ta faɗi. A lokacin bango ya huce, roba ta koma. Ya kama hannun ƙofar, ya buɗe, ya rufe, ya buɗe.

Ya ce, "Inna, ga ta lafiya lau. Ƙarfinki ne ya ragu."

Ta ce, "Watakila haka ne." 

Bayan 'yan kwanaki Liyatu ta same shi, ta kira shi da sunan 'yarsu kamar yadda ta saba. Ta ce, "Baban Saraya, maganar Inna gaskiya ce. Yau sai da na sa kafaɗa daga waje. Tagogin ma sun daina buɗuwa da rana. Ka kira Malam Habila."

Ya ce, "In kira shi ya zo ya yi mini dariya a tsakar gidana? Zo ki gani." Ya ja ta har bakin ɗakin, ya buɗe ƙofar da yatsa ɗaya. "Ina cijewar? Ku dai ba ku iya riƙon sabon abu ba."

Liyatu ta ce, "Ka zauna a gida yini ɗaya, ka gwada ta da ƙarfe uku."

Ya ce, "Ina da abin yi."

Sai ya zama wata rana, a tsakiyar bazara, aka yi zafin da ko kaji sun kasa kiwo, sun kwanta sun buɗe baki. Ranar hutu ce, maigidan yana gida. Yana zaune a ƙofar gida a inuwar darbejiya tare da Zakka, suna shan mangwaro. Tsohuwa ta hura gawayinta, ta rufe ƙofa, ta yi gashinta. Da ta gama, sai ta ji jikinta ya yi nauyi, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa. Gawayi yana ta ci a kasko, ba harshen wuta, ba hayaƙin da ido yake gani, sai mugunyar iskarsa tana taruwa a ɗakin da ba shi da mafita. Rana ta juyo yamma, ta sauka a kan ƙofar.

Wajen ƙarfe uku Liyatu tana shanya a bayan ɗaki, ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki, a hankali, kamar kaza tana tsattsage tire. Ta zagayo, ta murɗa hannun ƙofar, ta tura. Ko motsi.

Ta ji muryar tsohuwa can ƙasa-ƙasa: "Ku buɗe mini. Kaina."

Liyatu ta ƙwala ihu. "Baban Saraya! Baban Saraya! Inna!"

Suka rugo. Maigidan ya kama hannun ƙofar, zafinsa ya ƙone shi, ya saki, ya naɗe hannu da riga ya sake kamawa. Zakka ya ja da baya ya banke ta da kafaɗa, sau ɗaya, sau biyu. Ƙofar mai kyau ce, akwai ƙarfe a cikin robarta kamar yadda doka ta ce, ba ta karyewa. Suka ja tagogi, su ma sun cije. Suka leƙa ta gilashi, ga tsohuwa a ƙasa, a bayan ƙofa, hannunta ɗaya a miƙe. Ta daina ƙwanƙwasawa.

Liyatu ta ɗauko taɓarya, ta ɗaga za ta fasa gilashin taga. Sai maigidan ya riƙe mata hannu.

Ya ce, "Dakata! Kada ki fasa. Yanzu za ta buɗu. Zakka, sake bugawa!"

Ya riƙe hannunta, 'yan'uwa. Zakka yana ta bugu, shi kuwa yana riƙe da hannun matarsa.

Liyatu ta ce, "Sake ni! Uwarka ce a ƙasa, kai kana jin tausayin gilashi! Sake ni, na ce!"

Ta fizge, ta buga, gilashi ya zube. Wani zafi mai wari ya bugi fuskarta. Amma a bayan gilashin akwai sandunan ƙarfe na tsaron ɓarayi, ba mai iya shiga. Zakka ya samo guduma da kurfi, ya fara fasa simintin da hannunsa ya kwaɓa. Simintin kuwa mai ƙarfi ne, yashi kaɗan. Kurfi yana ta tsalle, gumi yana zuba, abin da ya ɓantaro bai cika tafin hannu ba.

Wata maƙwabciya ce ta yi hankali, ta ruga shagon Habila. Ya zo a kan babur, bai yi sallama ba, bai dubi kowa ba.

Ya ce, "Ruwa! Ruwan randa, ruwan rijiya, duk wanda ke gidan nan. Ku jiƙa buhuna. Kai kuma ajiye gudumar nan, ka yi ɓarnar da ta isa."

Suka yi ta kwara ruwa a kan ƙofar, bokiti bayan bokiti, suka lulluɓe ta da jiƙaƙƙun buhuna. Robar ta sha sanyi, ta fara komawa. Habila ya ɗora tafin hannu a jikinta yana jira. Can sai ya murɗa, ya tura a hankali don kada ya bugi wadda ke baya. Ƙofar ta buɗu.

Aka ɗauko tsohuwa, jikinta sharaf, aka nufi asibiti da ita. Kafin su fita Habila ya tsaya gaban maigidan, ya ɗaga ƙaramin yatsansa har kusa da idonsa.

Ya ce, "Wannan ne kawai aka roƙe ka. Wannan."

Tsohuwar ba ta mutu ba. A rana ta huɗu ta buɗe ido. Amma likita ya ce iskar gawayin ta daɗe a jikinta, ta taɓa ƙwaƙwalwa, abin da ya tafi kuwa ba zai dawo ba. Ta ƙara shekara biyu a duniya. Ba ta sake yarda ta shiga ɗakin ba, ko da yake ɗanta ya fasa simintin da hannunsa a makon da abin ya faru, sai da tafinsa ya yi jini. A rumfa ta zauna, a tsakar gida. Ta gane Liyatu, takan kuma gane jikokinta wani lokaci. Ɗanta ne ba ta sake ganewa ba.

In ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta dube shi da ladabi, irin duban da ake yi wa baƙo. Ta ce, "Bawan Allah, in ka ga ɗana, ka ce masa ya zo ya buɗe mini."

Yakan ce, "Inna, ni ne."

Ta girgiza kai. "A'a. Ɗana da ya ji, da ya zo."

Haka suka yi ta yi, safe da yamma, har ranar da aka binne ta.

To, ga ma'anar misalin nan, ku kasa kunne.

Littafin ƙa'idar nan shi ne umarnin Ubangiji. Faɗin ƙaramin yatsan kuwa shi ne duk abin da ya umarce mu wanda idonmu yake gani kamar rashin ƙarfi ne. Ya ce mu huta, mu bar waɗanda suke ƙarƙashinmu su huta. Ya ce mu yafe. Ya ce mu sassauta wa yaro, da tsoho, da wanda ya faɗi yana so ya tashi. Mu kuwa sai mu duba mu ce, "Wannan ai rami ne. Wannan sakaci ne. Bari in ƙara masa ƙarfi." Sai mu kwaɓa namu simintin, mu cusa a inda Mai hikima ya bari da laushi da gangan, mu kira shi tsare gida, mu kira shi horo, mu kira shi kishin ikkilisiya. Wa ya sa ku? Wa ya gaya muku Mahaliccin mutum ya yi kuskuren awo? Shi ya san abin da zafi yake yi wa ɗan Adam. Ku ba ku sani ba, ba ku kuma tambaya ba.

Ku lura, mutumin nan bai karya ƙa'ida don jahilci ba. Da jahilci ne, da na yi masa kuka kawai. An buɗe masa littafi, an ɗora masa yatsa a kan shafi. Dariyar yini ɗaya ce ta fi masa nauyi. Nawa ne a cikinku suka san abin da yake daidai a gidajensu, suka bar shi don kada aboki ya ce matarsu ta fi ƙarfinsu, ko dangi su ce sun yi laushi? Zakka ba mugu ba ne. Yana ƙaunar gwaggonsa, gwani ne kuma a aikinsa. Amma gwanin wani abu ne dabam, ya kawo tabbacinsa inda ba shi da sani. Irinsa sun fi mugaye yawa, sun kuma fi su samun masu saurare, domin suna sa mu dariya.

Takardar nan mai hatimi, ita ce ta fi ƙona mini rai. Tana rataye a falo sa'ad da tsohuwa take ƙasa a bayan ƙofa. Ba kalma ɗaya ta ƙarya a cikinta. Ranar da aka buga hatimin, kome daidai yake. Kuna da katin baftisma a akwati, kuna da sunanku a littafin ikkilisiya. Ranar da aka tambaye ku a gaban jama'a, kun amsa daidai. Me kuka yi kashegari, da kuka tabbata mai duba ba zai dawo ba? Ba don mai duba aka rubuta doka ba. An rubuta ta ne don wanda zai zauna a cikin ɗakin. Mai duban da muke da shi kuwa ba ya buga hatimi ya tafi.

Ranar da ta bugi ƙofa ita ce ranar gwaji: ciwo, da rashi, da tsufa, da faɗuwar ɗa ko 'ya. A lokacin sanyi kowane gida lafiya yake, kowace ƙofa da yatsa ɗaya take buɗuwa. Kada kowa ya zo mini da shaidar lokacin sanyi.

Wanda ya cusa siminti kuma ba shi ne ya shaƙi iskar ba. Na daɗe a duniya, na ga wannan har na gaji da gani. Mai taurin kai yana inuwa yana shan mangwaro, marar ƙarfi ne yake biya da numfashinsa. Na raka gawar waɗansu, na kuma ga waɗansu da suke raye amma sun daina magana a gidajensu, domin sun faɗa sau ɗaya, sun faɗa sau biyu, an ce musu ƙarfinsu ne ya ragu. Ku kuwa, dattawa masu kula da ginin ɗakin sujada da ɗakunan yara, kada ku ce misali ne kawai. In doka ta ce a bar hanyar iska, ku bar ta. In ta ce ƙofa ta buɗu waje, ta buɗu waje. Rayuka ne suke zama a bayan ƙofofin nan.

Amma abin da ya hallaka gidan nan daga ƙarshe shi ne lokacin da mutumin yake gwada ƙofarsa. Kullum sai ta huce yake taɓa ta. Kullum a sa'ar da ta dace da shi yake bincike, kullum kuwa yana samun kansa da gaskiya. Haka muke yi. Mukan auna gidajenmu ranar Lahadi, kowa ya yi wanka ya sa fararen kaya, mu ce lafiya lau. Ba mu taɓa tsayawa a inda marar ƙarfi yake tsayawa ba, a sa'ar da abin yake kama shi.

Ubangiji mai jinƙai ne, yana gafarta wa wanda ya tuba, na gaskata ya gafarta wa mutumin nan. Amma gafara ba ta mayar masa da uwar da ta san fuskarsa ba. Kada ku ɗauki jinƙan Allah ku mai da shi dalilin jinkiri.

Akwai wani a gidanka, ko wata, da ta daɗe tana gaya maka wani abu yana cije mata. Ka san ko wace ce. Tun ina magana sunanta ya zo maka. Yau in an tashi, kafin ka sa hannu a abinci, ka je ka zauna kusa da ita, ka ce ta sake faɗa. Kada ka nuna mata kome, kada ka gwada mata kome. Ka yi shiru har ta gama.